Haɓar Mai Koyar da Tuƙi

Mijina yana koyar da tuƙi, kuma ya yi barci a bakin aiki. Da a ofis ne, inda mutum zai kifa kai a tebur a ce tunani yake yi, da abin ya zo da sauƙi. A cikin mota ya yi shi, a kujerar gefe, ƙafarsa a kan birkin malami, wata baiwar Allah malamar firamare da ta fara koyo kwanan nan tana riƙe da sitiyari. Sun shiga shataletale, ya ce mata ta yi ta zagayawa sai ya ce ta fita, sai barci ya sace shi. Ita kuwa mace mai biyayya, ta yi ta zagayawa. Ta zagaya har masu talla a bakin titi suka fara ɗaga mata hannu duk sanda ta iso, har ɗan sandan da ke wurin ya cire usur daga baki ya tsaya kallo. Sai da ta ga mai ya kusa ƙarewa ta fashe da kuka, kukan ya tashe shi. Abin da ya fara ce mata shi ne, "Madalla, hannunki ya fara faɗawa."

Kafin la'asar labarin ya kai kunnen Oga, mai makarantar. Oga mutum ne gajere mai son a ji muryarsa daga titi. Ya tara malaman tuƙi da makanike da mai shara a tsakar fili, ya ce wa mijina wannan ne gargaɗi na ƙarshe. In ya ƙara ko gyangyaɗi ne a cikin motarsa, ya ajiye makulli ya kama gabansa.

"Me ka ce masa?" na tambaye shi da ya dawo.

"Na ce na gode."

"Ka gode da me, Baban Auta?"

"To, ai bai kore ni ba."

Haka yake. In ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri don ya sa ƙafarsa a hanyarka. Motar da ta fi kowace tsufa ita ake ba shi, wadda ƙofarta sai an ɗaure da waya. Ɗaliban da sauran malamai suka gaji da su shi ake tura wa. Makanike yana tsokanarsa daga safe har yamma, shi kuwa sai dariya, har da riƙe ciki. Ni ce nake jin haushin a madadinsa, kuma ina da wadatarsa. Amma a ranar tsoro ne ya fi haushin yawa, don aikin nan shi kaɗai ya iya, kuma a shekarunsa ba wanda zai ɗauke shi wani.

Ni na san ciwon tun kafin likita ya raɗa masa suna. Minsharin Baban Auta ba shi ne abin tsoro ba, ko da yake maƙwabta sun taɓa tambaya ko janareta muka saya. Abin tsoron shi ne in minsharin ya tsaya. Sai ya yi ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, ni kuma ina zaune ina jira, har sai ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Gwiwar hannuna ta yi aiki a haƙarƙarinsa shekara da shekaru. Da safe ya tashi da ciwon kai da busasshen baki, ya ce wai ya yi barci mai daɗi.

Na ja shi asibiti. Suka kwantar da shi, suka manna masa wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, suka auna barcinsa. Likitan ya ce in ya yi barci naman maƙogwaronsa yana sakewa, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska, ƙwaƙwalwa ta tashe shi don ya shaƙa, ya koma, ta sake tashinsa, har gari ya waye bai huta ba kuma bai san an yi ba. Ya ce abin ba a gyangyaɗi kaɗai ya tsaya ba, yana taɓa zuciya da hawan jini. Baban Auta ya ce, "Allah sarki, ashe ƙwaƙwalwar tana shan wahala." Ita ya tausaya wa.

Aka fara ba shi injin iska mai takunkumi da dogon tiyo. Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma kullum da safe sai mu tarar da takunkumin a ƙasa yana hura wa takalmansa iska, shi kuma ya rantse bai taɓa shi ba. Ga ɗauke wuta. Da likitan ya ga ba ci gaba, ya ce irin nasa bai kai mafi tsanani ba, don haka a gwada wata hanyar, ya tura mu wurin likitar haƙori.

Na ce, "Likita, maƙogwaro muka kawo, ba haƙori ba."

Ya ce in je dai.

Likitar haƙorin mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana, irin waɗanda nake shiri da su. Ta duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa gaɓar muƙamuƙinsa ta ce ya buɗe ya rufe, sannan ta cika masa baki da wani ƙwaɓi mai launin hoda don ta ɗauki siffar haƙoran. Yana zaune baki cike, yawu yana zuba, yana ƙoƙarin ce mata sannu da aiki. Da muka koma karɓa ta fito da abin daga ɗan akwati: roba mai tauri gida biyu, ɗaya na haƙoran sama ɗaya na ƙasa, da ɗan ƙarfe a gefe da ya haɗa su. In ya sa, sai robar ta riƙe muƙamuƙin ƙasa ta turo shi gaba kaɗan, harshe ya biyo shi, hanyar iska ta zauna a buɗe. Ina gani na ce wannan ai linzami ne. Sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu.

Sai ta ɗauko wani ɗan abu kuma, falle ɗaya, mai shatin haƙoransa a jiki.

"Wannan na safe ne," ta ce masa. "In ka cire robar, muƙamuƙinka zai zauna a gaba, don a nan ya kwana. Sai ka ciji wannan na ɗan lokaci, a hankali, har haƙoranka su koma yadda suke haɗuwa. Kullum. Kada ka raina shi don ƙarami ne."

"In sha Allahu, likita."

Ta juyo gare ni. "Ke nake gaya wa, ba shi ba."

Muka sa masa suna ɗan cizo.

Kwanakin farko ya yi ta jiƙa matashin kai da yawu, yana kukan haƙoransa sun yi tsami. Likita ta yi ta ƙara turo ƙarfen kaɗan-kaɗan duk zuwa. Sannu a hankali minsharin ya ragu, tsayawar numfashin ta yi ƙasa, aka sake auna barcinsa aka ce an dace. Mutumin da a da yake barci da cokali a hannu ya koma yana tashi kafin ni. Ya gyara famfon bayi da ya daɗe yana ɗiga. Ya tuna sunan malamin ajin Auta, ƙaramar 'yarmu. Na yi farin ciki har na rasa da wa zan yi faɗa.

Ana cikin haka wata safiya muka makara. Ina kicin ina haɗa shayi ya shigo yana ɗaura agogo, na juya na gan shi. Haɓarsa ta yi gaba, leɓen ƙasa ya hau kan na sama, haƙoran ƙasa suna leƙowa. Ga idanu a buɗe tar, irin na wanda ya ƙoshi da barci. Tun da na aure shi ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Na shiga laluben abin da na yi masa jiya.

"Lafiya?" na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Shayi," ya ce. Bakin bai ba shi damar ja da magana ba, sai ta fito guntuwa.

Wallahi da hannu biyu na miƙa masa. Sai bayan ya fita na ga ɗan cizo a kan tebur, a cikin ruwansa, ba a taɓa ba.

Da yamma ya dawo haɓar ta koma, amma yana ta murmushi shi kaɗai. Ya ce yana shiga filin makaranta makanike ya buɗe baki zai fara tsokanar da ya saba, ya dube shi, ya mayar da bakin ya rufe, ya ce, "Barka da asuba, Malam." Oga kuma ya fito da niyyar ɗora masa ɗaliban wani da bai zo ba. Baban Auta ya so ya ce ba komai, amma muƙamuƙin ya yi masa nauyi, sai ya tsaya yana dubansa yana neman yadda zai haɗa leɓɓansa. Oga ya jira, ya yi gyaran murya, ya ce to bari dai a nemi wani. Ɗalibin farko kuwa, wani matashi mai gaggawa da ba ya jin magana, ya duba madubi sau uku kafin ya tayar da mota, ya sa sigina ko a inda ba kwana.

Muka yi dariya har na dafa bango. Na ce gobe dai kar ka manta da ɗan cizo. Ya ce to.

Washegari ya manta, jibi ma haka. Daga nan na gane ba mantuwa ba ce, don sai in tarar ya ɗauke shi daga tebur ya tura bayan kwalbar man shafawa. Kuma ba zan ɓoye ba, na kawar da kai. Na daɗe ina jiran ranar da za a ji tsoron mijina. Aka karɓe tsohuwar motar aka ba wani sabon malami. Aka daina kiransa ranar hutu. Ɗalibansa suka riƙa cin jarrabawar lasisi, don ba wanda yake son ya dawo ya sake zama kusa da wannan haɓar. Har labari ya bazu cewa tsohon soja ne, ya ɓoye ne kawai. Mai kanti da yake sa mu jira ya koma sallamarsa kafin kowa. Ni kaina in na fita ina tafe ne da taƙama.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne haɓar ta daina komawa da rana. Da farko kafin hantsi ta saki. Sai ta koma kaiwa azahar. Sai ya riƙa dawowa gida da ita. Auta ta daina kawo masa aikin gida, ta koma kawo mini, ni da lissafi ba ma ga maciji. Gidan ya yi tsit. Maƙwabciyata, wadda muke raba igiyar shanya kuma muke faɗa a kanta kusan duk sati, mun yi wani faɗan a kwanakin nan, na gaya mata abin da na gaya mata, ba ta sake leƙowa ba. Ƙanwata ma mun ɗan haura a waya, ta ɗauke ƙafa. Na ɗauka duk cikin girmamawar ce.

Nama ne ya tona asiri. Na dafa shi ya yi laushi yadda yake so, na zuba masa, na zauna ina kallonsa. Ya ɗauki yanka ya kai bakin gaba yana gatsa da haƙoran gaba kamar zomo. Ya tura ciki, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya dube ni ya ga ina dubansa, sai ya haɗiye shi ɗungurungum ya bi da ruwa. Idonsa har ya kawo ƙwalla.

"Tauna," na ce.

"Na tauna."

"Baban Auta, ɗauki wani ka tauna ina gani."

Ya ce ya ƙoshi. Mutumin da yake siɗe kwano ya ce ya ƙoshi da yanka ɗaya. Washegari na sa mayafina na tsaya a bakin ƙofa da ɗan akwatin linzami a hannu. Ko da sabuwar fuskar tasa, ya san wannan tsayuwar.

Likita ta kwantar da kujera, ta sa masa wani siririn fallen takarda mai launi tsakanin haƙoran ciki na tauna, ta ce ya cije da ƙarfi. Ya cije. Ta ja fallen ya fito sumul, ko alama babu a jikinsa. Ta gwada ɗaya gefen, haka.

"Na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa," ta ce. "Ina abin safen?"

"Yana nan lafiya, likita."

"Na san yana lafiya. Kana cizonsa?"

Ya kawar da kai. Ta dube ni ta saman tabarau, na dubi hoton haƙori da ke bango kamar ban taɓa ganin haƙori ba.

Ta cire safar hannu ta zauna. Ta ce yanzu da sauran dama, muƙamuƙin zai iya komawa in ya dage da cizon da 'yan motsa baki da za ta koya masa, ko da ba duka ba. In kuwa ya ci gaba a haka, cizonsa zai canza ya zauna, kuma ita ba za ta ci gaba da ba shi abin da yake lalata masa baki ba. Za ta karɓe robar, ya koma wurin likitan barci a sake lale. Ya riga ya san yadda suka ƙare da injin.

"Likita," ya ce, "ba yadda za a yi a mayar da haƙoran ciki, a bar haɓar a inda take?"

"Ƙashi ɗaya ne, Malam."

"Ko rabi?"

"Ba a sayar da shi rabi."

A hanya muka tsaya a danja. Yana riƙe da sitiyari, yana duban gaba, ya ce, "Kin san jiya da na shiga ɗakin malamai wani ya tashi ya ba ni kujera? Tun da na fara aikin nan ba a taɓa yi ba. Ni ban ce a ji tsorona ba. Amma na ji daɗi, Maman Auta. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba na son in koma."

Tausayinsa ya kama ni, ni kuma in tausayi ya kama ni faɗa nake yi. Na ce kujerar za ta shaƙa masa iska ne? In aka karɓe linzami, sati nawa zai yi kafin ya sake kwana a shataletale? Wa zai tashi ya ba shi kujera a gida in Oga ya karɓi makulli? Na ce ni na gaji da zaman jiran numfashin mutum, na yi iya yina, ba zan koma ba ni ma. Aka ba da hannu, na baya suka yi ta hon, bai motsa ba sai da na ce masa ya ja mota.

Ya fara cizo. Kowace safiya yana zaune bakin gado da ɗan cizo a baki, fuska kamar mai shan magani, ni ina tsaye a kansa. Haɓar ta riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan. Sai ya ɓullo da dabara: tun da ya san siffar fuskar, zai riƙa yin ta da kansa. Ya tsaya gaban madubi ya turo haɓa ya haɗe gira, ya ce in zama Oga in gwada shi. Na ƙanƙance ido na ce, "Kai, zo ka wanke mini mota." Ya riƙe, ya riƙe, leɓensa ya fara rawa, sai ya tuntsire da dariya har ya zauna a ƙasa. Muka sake. Na ce in zama ɗaliba, na ce, "Ina kwana, Malam." Kafin in rufe baki ya amsa, "Lafiya lau, 'yata, ya gida?" da dukan haƙoransa a waje. Fuskar ba ta zama in ba robar ce ta ajiye ta ba. Ya ɗauki hutun 'yan kwanaki ya zauna a gida har bakin ya daidaita.

Ranar da zai koma na ce zan bi shi. Na ce ina son in tambayi yadda ake shiga ajin mata, amma shi da ni mun san ƙarya ce. Na shirya ne tsaf, in Oga ya ce kule in ce cas. Na zauna a bencin jira da ke ƙarƙashin rumfa, jaka a cinya, inda nake ganin filin duka.

Baban Auta ya shiga da fuskarsa ta haihuwa. Makanike yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa a waje. Mijina ya durƙusa ya leƙa, ya yi masa murmushi, ya ce, "Maigidan ƙarfe, an tashi lafiya?" Na ji ƙarar kai ya bugi ƙarfe. Makanike ya fito yana shafa goshi, ya miƙe tsaye, hannaye a gefe, ya ce motar Malam a shirye take tun jiya, ya duba birki sau biyu, in akwai abin da ya yi a yafe masa. Mijina ya yi dariya ya kai hannu zai dafa kafaɗarsa, mutumin ya ja da baya.

Oga ya fito daga ofis yana magana a waya, ya hango murmushin, ya katse wayar. Baban Auta ya je har gabansa ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi iyali, ya ce ya gode da hutun da aka ba shi. Oga ya yi ta dubansa. Sai ya ja shi gefe, kusa da bencin da nake, ya rage murya, abin da ban san ya iya ba.

"Gaya mini gaskiya, Malam. Masu waccan makarantar tuƙin ta tsallaken titi ne suka kira ka?"

"Su wa, ranka ya daɗe?"

"Kar mu yi haka da kai. Mutum ya yi wata da watanni bai yi wa kowa dariya ba, ya ɗauki hutu, ya dawo yana washe baki yana tambayar iyalina. Ni ba yaro ba ne. Me suka yi maka alkawari?"

Mijina ya rantse ba wanda ya kira shi. Yana rantsuwar yana murmushi, Oga kuma yana ƙara tsorata. Kafin a gama ya ce sabuwar motar nan mai sanyi ta zama tasa daga yau, maganar gargaɗin kwanaki kuma a ɗauka ba a yi ta ba. Ya koma ofis yana waige. Ni da na zo da faɗa cike da jaka, haka na koma da abina ban buɗe ba.

Na riga shi isa gida, na dafa nama, na yi ta jiran ya shigo mu yi dariyar Oga. Ya shigo ya wanke hannu ya zauna. Ya ɗauki yanka ya kai ciki, ya tauna a hankali, gefen dama ya kama, na hagu da saura. Bai ce komai a kan sabuwar mota ba.

"Aiki ya tsaya da ƙafarsa," na ce. "Me kuma?"

"Ya tsaya."

"To?"

Ya ajiye cokali. "Yau ba wanda ban yi wa murmushi ba, har mai shara. Ko mutum ɗaya bai mayar mini ba. Da rana na ɗauki abincina na je inda suke zama, kowa ya tuna yana da aiki. Ni kaɗai na ci a kan benci. Wata ɗaliba ta yi ribas mai kyau na ce mata madalla, sai ta ce in yi haƙuri." Ya ɗago ya dube ni. "Maman Auta, ke da kike faɗa da mutane kullum, yaya kike yi su dawo?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, don ba a taɓa yi mini tambaya na rasa ta cewa ba. Na ce ai dawowa suke yi da kansu. Na ce maƙwabciya ma, in mun yi, kwana biyu sai ka gan ta da sallama.

"Eh," ya ce, "in na je na ba ta haƙuri."

"In ka je ina?"

"Wurinta. Da ƙanwarki, da mai kanti. Nakan ce kin ce a yi haƙuri, zafin rana ne." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin mai. "To kwanakin nan da na je, tana hango ni ta rufe ƙofa. Ban sake komawa ba."

Na dubi taga. Igiyar shanyar tana nan, rabin nawa cike da kaya, rabin nata fayau, ta ɗaura wata sabuwa can ta bayan ɗakinta. Na daɗe ina ganin igiyar nan ban karanta ta ba. Kunya ta rufe ni, da haushi, da wani abu mai kama da son in rungume shi, amma Auta tana ɗaki kuma ni ba a san ni da wannan ba.

"Ni ban taɓa cewa a yi haƙuri ba," na ce.

"Na sani."

Na ƙara masa nama, na zaɓo masu laushin na tura gefensa. Na ce gobe ya fara da makaniken, ya bar shi ya tsokane shi ko sau ɗaya ne, sauran za su biyo. Ya gyaɗa kai yana tauna.

"In ka taso kuma," na ce, "ka biya ta wurin maƙwabciya."

"In ce me?"

"Abin da ka saba cewa."

Ya ci gaba da tauna, bai ɗago ba. "A'a," ya ce, a hankali, da wannan fuskar tasa mai laushi. "Zan raka ki dai har bakin ƙofa."